Yadda Birnin Kanazawa Ke Karrama Marubuta Da Masu Sana'ar Hannu

Kusan kowace shekara idan kaka ta yi a ƙasar Japan, hukumar wani birni da ake kira Kanazawa takan gayyato marubuci ɗaya, wani lokaci biyu, ta tara jama'a, sa'an nan a danƙa masa madubi mai kusurwa takwas irin na mutanen da, tare da kuɗi yen miliyan ɗaya. Tun cikin shekarar 1973 ake yin haka. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne kuɗin nan daga baitulmalin gari yake fitowa, watau daga harajin mutanen da yawansu bai kai rabin miliyan ba, alhali kuwa akasarin waɗanda suka karɓi kyautar ba 'yan garin ba ne, wasunsu ma ba su da ko dangi ɗaya a cikinsa.

Kanazawa ita ce hedkwatar lardin Ishikawa, a gaɓar tekun da ke tsakanin Japan da Koriya. Gari ne mai yawan ruwan sama da ƙanƙara, har mutanensa suna yi wa baƙo gargaɗi cewa gara ya manta da guzurinsa da ya manta da laima. Kafin a kai masa jirgin ƙasa mai tsananin gudu a watan Maris na 2015, zuwa can daga Tokyo tafiya ce mai tsawo, mutanen babban birni kuwa suna ɗaukarsa bayan ƙasa. To, me ya sa irin wannan gari ya ɗora wa kansa nauyin karrama masu alƙalami da marina da maƙera da masu zane, har ya shafe fiye da shekara hamsin bai gaji ba?

Amsar tana komawa ne ga wani gidan sarauta da ake kira Maeda. A shekarar 1583 Maeda Toshiie ya shiga ganuwar Kanazawa, zuriyarsa kuma ta riƙe ƙasar Kaga har zuwa 1871. Arzikin sarakunan Japan a zamanin nan da shinkafa ake auna shi, da wani ma'auni da ake kira koku, wanda aka ƙiyasta shi ne abincin mutum ɗaya na shekara guda. Gidan Maeda yana da fiye da koku miliyan ɗaya, ba wanda ya fi shi sai gidan Tokugawa mai mulkin ƙasar gaba ɗaya. Wannan arziki shi ne abin tsoronsu, domin Tokugawa ba su taɓa sakin jiki da su ba, kuma da sun ga alamar ana tara makamai da sun auka musu. Saboda haka sai sarakunan Maeda suka karkatar da dukiyarsu zuwa ga abin da ba zai tayar wa kowa da hankali ba. Suka aika Kyoto da Edo aka ɗauko musu gwanayen sana'a, suka ba su gidaje da albashi. Wata ma'aikatar fada da asalinta ta gyaran sulke da kayan yaƙi ce, sannu a hankali ta koma wurin ƙera kayan ƙawa. Sarki na biyar, Maeda Tsunanori, ya tara littattafai masu ɗimbin yawa, ya kuma sa aka tattara masa samfurin ayyukan hannu iri iri aka jera su cikin akwatuna, domin mai koyo ya ga yadda na gaba da shi suka yi. Wani maginin tukwane da ya zo garin a 1666 tare da wani malamin shan shayi, zuriyarsa, gidan Ohi, har yau suna kan sana'ar.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san fadojin ƙasar Hausa, inda sarki kan tuɓe riga ya ba makaɗi, ko ya naɗa sarkin maƙera da sarkin marina. Wahalar irin wannan tsari ita ce ranar da sarauta ta rasa ƙarfinta. A Japan ranar ta zo a 1871, sa'ad da aka soke ƙasashen sarakuna aka mai da su larduna. Fadawa suka rasa albashi, masu sana'a suka rasa masu saye, mutane da yawa suka bar Kanazawa. Shekara biyu bayan haka, a 1873, aka haifi wani yaro a gidan wani maƙerin fari mai zane a jikin zinariya da azurfa. Uwarsa daga gidan makaɗa take, ta rasu yana ɗan shekara tara. Ya tashi yana kallon sana'ar ubansa tana ja da baya, ya tafi Tokyo yana saurayi, ya zauna a gidan wani shahararren marubuci mai suna Ozaki Koyo yana yi masa hidima yana koyon rubutu, kamar dai yadda ɗan koyo kan zauna a gindin maƙera. Shi ne ya zama Izumi Kyoka, mai labaran aljanu da mata masu sihiri da matafiya da suka ɓace cikin duwatsu, wanda ya rasu a 1939. Kashin farko na sunan Kyoka ma'anarsa madubi, dalilin ba da madubi ke nan.

Da aka zo cika shekara 100 da haihuwarsa sai hukumar gari ta kafa kyautar adabi da sunansa. A lokacin manyan kyaututtukan adabi na Japan, irin su na Akutagawa da Naoki waɗanda aka kafa a 1935, duk a hannun kamfanonin buga littattafai na Tokyo suke. Kanazawa ce hukumar gari ta farko da ta fito da kyauta wadda marubucin ko'ina a ƙasar zai iya ci. Wanda ya fi tsayawa tsayin daka a kan lamarin shi ne marubuci Itsuki Hiroyuki, wanda yake zaune a garin sa'ad da ya ci kyautar Naoki a 1967. Ba abin ɓoyewa ba ne cewa magajin garin wancan lokaci, Oka Ryoichi, surukinsa ne, uban matarsa. A wurinmu da tuni an ce abin na gida ne, a jira ranar da magajin gari zai sauka a binne kyautar tare da mulkinsa. Oka ya bar kujera a 1978. Magadan gari huɗu sun biyo bayansa, kowa da manufarsa, amma ba wanda ya taɓa kyautar, har aka yi bikin ba da ita karo na 50 a 2022. Shi kuwa Itsuki ya shafe fiye da shekara arba'in yana cikin alƙalanta.

A ganina abin da ya tsare mutuncin kyautar nan shi ne hukuma ta ba da kuɗi ta koma gefe. Marubuta ne ke zaɓe, ba ma'aikatan ofis ba, suna duba littattafan da aka buga cikin shekara guda, suna neman wanda ke da ƙamshin al'ajabi irin na Kyoka. A karon farko Hanmura Ryo da Moriuchi Toshio suka raba ta. A 1988 aka ba wata budurwa mai shekara ashirin da huɗu, Yoshimoto Banana, wadda daga baya aka fassara littattafanta zuwa harsuna masu yawa. A 1996 Yu Miri ta samu, ita kuwa iyayenta 'yan asalin Koriya ne, jinsin da ya daɗe yana fama da wariya a Japan. A 2000 aka ba Tawada Yoko, wadda take zaune a Jamus tun 1982, tana rubutu da Japananci da Jamusanci. A 2008 sai ga ta a hannun Yokoo Tadanori, wanda duniya ta sani da zane, ya tsufa kafin ya gwada ƙagaggen labari. A 1994 kuwa alƙalan cewa suka yi ba su ga littafin da ya cancanta ba, aka rufe shekarar ba a ba kowa ba. Kwamitin da ke iya mai da kuɗi baitulmali don bai gamsu ba, ranar da ya ce ya gamsu kowa zai saurara.

Yen miliyan ɗaya ba wata dukiya ba ce, a canjin 'yan shekarun nan bai kai dala dubu goma ba. Amfaninta ga marubuci shi ne jaridu za su ambaci littafinsa, masu shaguna su fito da shi gaba, kamfani ya sake bugawa. Amfaninta ga gari kuwa shi ne kowace shekara sai an ambaci sunan Kanazawa a shafin adabi na manyan jaridun ƙasar, kuma sai manyan marubuta sun taka sun zo garin. Don kada 'yan gida su ce an yi tuwo an kai wa baƙi, a shekarar nan ta 1973 aka kafa wata kyauta ta biyu, ta mazauna gari zalla, wadda malamin makaranta ko tsohuwar da ta buga waƙoƙinta da kuɗin aljihunta za su iya ci. Daga baya kuma hukuma ta gina gidajen tunawa da manyan marubutan garin su uku: na Kyoka a 1999 a filin gidan da aka haife shi, na Muro Saisei a 2002, na Tokuda Shusei a 2005.

Wasu garuruwa sun bi sahu. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Firayim Minista Takeshita ta raba wa kowace ƙaramar hukuma yen miliyan ɗari ta ce ta raya kanta yadda ta ga dama. Wani gari ya mai da nasa dunƙulen zinariya yana nuna wa 'yan yawon buɗe ido. Birnin Uji ya kafa kyautar adabi ta mata marubuta, wadda aka fara bayarwa a 1991.

Sai dai a fannin sana'ar hannu mutanen Kanazawa sun gane tun da wuri cewa lambar yabo ba ta isa. Marubuci alƙalami da takarda kawai yake bukata, amma mai shafen urushi, wani irin ƙaro da ake tatsowa daga itace ana shafa wa akushi da akwati falle bisa falle, yana bukatar shekaru na koyo, da ɗaki mai danshi, da kayan aiki masu tsada, kafin ya yi abin da za a shigar gasa. Idan ba masu koyo, nan da shekara talatin ba wanda za a ba kyautar. Yaƙin duniya na biyu ya ƙare a watan Agusta na 1945, Kanazawa kuwa tana cikin 'yan manyan garuruwan da jiragen Amurka ba su yi wa ruwan bama-bamai ba. A 1946, ana tsakiyar yunwa da rashin tufafi, hukumar gari ta buɗe makarantar koyon zane da sana'o'in hannu, wadda ta zama jami'a a 1955, kuma har yau ta gari ce. Ba da jimawa da ƙarewar yaƙin ba aka kafa lambar yabo ta al'adu ta birnin. Akwai kuma nunin kayan sana'a na shekara shekara, inda ake ba gwani kyautar magajin gari.

Babban matakin shi ne na 1989, shekarar da birnin ya cika shekara 100 da samun hukumarsa. A kan wani tudu da ake kira Utatsuyama aka gina wurin horar da matasa a fanni biyar: ginin tangaran, shafen urushi, rini, ƙira, da aikin gilashi. Ana ɗaukar kimanin mutum talatin, su yi shekara biyu ko uku. Ba sa biyan kuɗin makaranta, hasali ma hukuma ce ke ba kowannensu alawus na yen dubu ɗari a wata. Ba a ce sai ɗan gari ba, daga ko'ina a Japan ana zuwa, har daga ƙasashen waje. Wasu za su ce wannan ɓarnar haraji ce, a ciyar da ɗan wani gari ya ƙware ya tafi. Lissafin hukuma shi ne waɗansu za su zauna su buɗe wuraren aikinsu, waɗanda suka tafi kuwa duk inda aka yaba aikinsu za a tambayi inda suka koya. Alawus ɗin nan, in an duba da kyau, kyauta ce ita ma, bambancin kawai ana ba da ita ne kafin a yi aikin. A shekarar ce kuma aka soma gasar kayan sana'a ta birnin, wadda daga baya aka buɗe wa duniya, tun 2010 kuma take tafiya a matsayin babban nuni na duk bayan shekara uku.

Labarin Nakagawa Mamoru ya isa misali. An haife shi a Kanazawa a 1947, ya yi karatu a jami'ar nan ta gari, ya kama aiki a wani babban kamfanin kayan lantarki a Osaka yana tsara surar kayayyaki. Yana ɗan shekara ashirin da bakwai ya dawo gida, wata rana ya je nuni ya ga tsofaffin likkafu na mahayan Kaga, waɗanda aka yi wa ado da azurfa. Dabarar ita ce maƙeri ya sassaƙa rami a jikin ƙarfe, gindinsa ya fi bakinsa faɗi, sa'an nan ya dasa zinariya ko azurfa ya buga ta baje a ciki, ta yadda komai sukuwar doki ba za ta fita ba. A lokacin masu wannan sana'a saura 'yan kaɗan. Nakagawa ya je ya durƙusa a gaban wani tsohon gwani, Takahashi Kaishu, ya koya. A 2004 gwamnatin Japan ta sa shi cikin waɗanda jama'a ke kira taskar ƙasa mai rai, muƙamin da aka fara bayarwa a 1955, wanda ke tafe da tallafin yen miliyan biyu a shekara domin mai shi ya ci gaba da aiki ya kuma horar da magada. Lambar ta gwamnatin ƙasa ce, amma makarantar da ta fara buɗe masa ido ta gari ce.

A 1996 aka ƙara da wata makaranta ta magina da kafintoci da masu yaɓe da masu jera jinka da sauransu, sana'a tara, inda waɗanda suka riga suka ƙware ke zuwa bayan sun tashi daga aiki su koyi dabarun da, domin a sami masu gyaran tsofaffin gidajen garin. A shekarar ce kuma aka mai da rumbunan wata masaƙa da ta daina aiki wurin 'yan wasan kwaikwayo da makaɗa da masu zane, a buɗe dare da rana, mazauna gari ne kuma ke tafiyar da shi.

Inda aka yi jayayya shi ne zanen zamani. Magajin gari Yamade Tamotsu, wanda ya yi mulki daga 1990 zuwa 2010, ya dage sai an gina gidan nunin ayyukan masu fasaha na wannan ƙarni a tsakiyar gari, dab da tsohon lambun sarakunan Maeda. Da yawa daga masu kishin gargajiya ba su so ba, suna ganin abin bai dace da garin zinariya da rini ba. Hujjarsa ita ce abin da ake kira gargajiya yau, a zamanin Maeda sabon abu ne da aka ɗauko daga wani gari. An buɗe ginin a watan Oktoba na 2004, da'ira ce ta gilashi mai faɗin mita 112 da rabi, ba shi da gaba ba shi da baya, ana shiga ta kowace fuska. Masu tsara shi, Sejima Kazuyo da Nishizawa Ryue, sun sami babbar lambar yabo a Benis a shekarar. A cikinsa akwai aikin wani ɗan Ajantina, Leandro Erlich, mai kama da tafkin wanka, wanda mutum zai leƙa ya ga mutane suna yawo da tufafinsu a ƙarƙashin ruwa. Cikin shekarar farko mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suka ziyarce shi, watau ninki uku na yawan mutanen garin. Kowace shekara kuma ana kwaso 'yan aji huɗu na makarantun firamare na birnin a kai su, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama da matsala. Kanazawa ce ke yin kusan dukan fallen zinariyar da ake yi a Japan, ana bugun ta har kaurinta ya koma kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar hanyar yin ta cikin abubuwan gado na duniya. Amma masu wannan tsohuwar hanya sun ragu ƙwarai, akasarinsu kuma tsofaffi ne. Marinan garin masu zana furanni a jikin siliki sun ga kasuwarsu ta tsuke, domin matan Japan sun daina sa tufafin gargajiya sai ranar biki. Lambar yabo ba ta sa mace ta sayi zanen da ba ta da inda za ta sa shi. Girgizar ƙasar da ta auka wa yankin Noto a ranar 1 ga Janairu, 2024, ta rushe wuraren aikin masu urushi na garin Wajima da ke cikin lardin, a Kanazawa ma sai da aka rufe sashen nuni na gidan gilashin nan na wasu watanni.

Mu ma mun san abin da gasa ke iya yi. Wadda aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, littattafan da ɗalibai ke karantawa har gobe. Wadda kamfanin buga littattafai na Arewa ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Tsakanin gasa biyun nan akwai fiye da shekara arba'in, kuma babu wadda hukumar wani gari ta ɗauki nauyinta.

A watan Yuni na 2009 UNESCO ta sa Kanazawa cikin jerin biranen fasaha, a rukunin sana'ar hannu, a 2015 ta karɓi baƙuncin taron shekara na biranen, a 2020 kuma gwamnatin Japan ta ɗauke gidan adana kayan sana'a na ƙasa daga Tokyo ta kawo shi can. A 2021 birnin Bida na Jihar Neja, mai maƙeran tagulla da 'yan Masaga masu narka gilashi su yi duwatsun wuya da awarwaro, ya shiga wannan rukuni, ya zauna sahu ɗaya da Kanazawa. UNESCO ba ta ba birni kuɗi don ya shiga jerin. Abin da take nema shi ne duk bayan shekara huɗu hukumar gari ta kawo rahoton abin da ta yi wa masu sana'arta da kuɗin da ta ware musu.